Silin Jibs a Gidajen Jidda da Makka: Abin da Warsha Ke Sayarwa da Inda Aikin Ke Lalacewa

Tun bayan rushe tsofaffin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, irin su Sabil, Kandara da Gulail, iyalai da yawa cikin 'yan uwa sun koma sababbin shiƙƙoƙi, wato gidajen zama na cikin benaye. Wanda ya samu ikon saye ko ya kama haya mai tsawo, abu na farko da yake tambaya bayan fenti shi ne silin. Ƙananan warsha, wato shagunan masu aikin jibs, farin garin da ake yin POP da shi, suna ko'ina, kowacce da hotunanta a waya, kuma kusan duk abu ɗaya suke tallatawa: silin allon jibs, wanda a nan ake kira jibson bod, mai ɓoyayyar fitila a gefe. Wannan aikin ne muka auna, tun daga ƙarfen da ke riƙe shi har zuwa yadda ake lissafin kuɗinsa. Hukuncinmu shi ne abin ya cancanci kuɗinsa idan zanen mai sauƙi ne kuma an kashe kuɗin a kan abin da ido ba ya gani. Idan aka juya lissafin, ado ya cinye kuɗin ƙarfe, silin zai fara tsagewa kafin fentinsa ya tsufa.

Wanda ya saba da POP na gida ya san ana zuba shi ne a ɗaura da zare da waya. Irinsa yana nan, ana ce masa jibs baladi, amma jibson bod daban ne. Allo ne da aka matse jibs tsakanin takardu biyu masu kauri, faɗinsa mita 1.2, tsawonsa mita 2.4, kaurin da ya dace da silin milimita 12.5. Allo ɗaya yana rufe murabba'in mita 2.88, kuma kowane murabba'in mita yana da nauyin kilo takwas zuwa tara. Kalar takardar ita ke nuna aikinsa: fari na ɗaki ne da falo, kore yana jure danshi, ja ko ruwan hoda yana jure wuta. A kasuwa za a tarar da na Knauf, da na kamfanonin cikin gida kamar Mada mai masana'anta a Yanbu da National Gypsum. Sunan kamfani yana buge a jikin allon, don haka mai gida ya duba da idonsa ranar da aka sauke kaya, ya tabbatar abin da aka rubuta a yarjejeniya shi aka kawo. Akwai allo mai kaurin milimita 9.5 da wasu ke shigowa da shi don rage kuɗi. A lanƙwasa da ƙananan kusurwoyi yana da amfani, amma a shimfiɗa shi a faɗin falo ba daidai ba ne, domin yana sakin ciki tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Ƙarfen ne ran aikin, kuma a nan warsha ke bambanta. Ana fara buga layi da leza a bangon ɗaki, a ɗaura zawiya, wato ƙarfen kusurwa, a kewaye. Sai a rataya manyan ƙarafa daga kankaren sama, a jera su da tazarar da ba ta wuce mita 1.2 ba, mu mun fi son mita ɗaya. A ƙarƙashinsu ake gicciya ƙarfen da masu aiki ke kira omega, wanda allon ke kamawa, kowane santimita 40. Warsha mai gaggawa takan buɗa shi zuwa 60, ta kuma sayo ƙarfen da bai kai kaurin rabin milimita ba. Ranar miƙa aiki babu wanda zai gane bambancin. Bayan zafi ɗaya ko biyu sai a ga layuka sun fito a silin daidai inda alluna suka haɗu, tsakiyar ɗaki kuma ta ɗan sauko. Siririn ƙarfe ba ya riƙe sukuru da kyau, sukurun yakan juya ba tare da ya ciza ba, allon kuma ya riƙa motsi duk lokacin da ɗaki ya yi sanyi ya koma zafi. Mai gida ya nemi a rubuta kaurin ƙarfe milimita 0.5 a takarda, mai rufin zinki wanda ba ya tsatsa, ya kuma ce wa mai aiki a fili: "Mu'allim, kada a rufe allo ko ɗaya sai na ga ƙarfen."

Akwai wani abu da ya shafi ginin ƙasar nan musamman. Yawancin gidaje rufin kankarensu irin na hordi ne, wato bulo mai rami da aka jera tsakanin haƙarƙarin kankare. Idan mai aiki ya huda ya dasa abin rataya a cikin bulon, babu abin da ke riƙe shi sai siririn fatar bulo da filasta. Wurin da ya dace shi ne haƙarƙarin kankaren. Ana gane shi da ƙwanƙwasawa, ko da ƙurar da ke fitowa lokacin huda. A wuraren da muka ga silin ya sauko gaba ɗaya ta gefe guda, sau da yawa wannan ne dalili. Haka nan najafa, babbar fitilar tsakiyar majalisa, wato falon baƙi, da fankar sama, dole a kafa musu ƙarfensu daban tun daga kankare kafin a rufe. Allon jibs nauyin kansa da ƙananan fitilu kawai aka yi shi ya ɗauka.

Ga lissafin kaya na ɗaki mai mita 4 da mita 5, silin shimfiɗaɗɗe ba ado. Faɗinsa murabba'in mita 20, alluna bakwai ke rufe shi, a sayi takwas saboda asarar yanka. Kewayen bango mita 18 ne, zawiya mai tsawon mita uku guda shida, a ƙara ɗaya. Omega a tazarar santimita 40 zai ci layi 13 na mita huɗu-huɗu, kusan mita 52, wato sanda 18. Manyan ƙarafa layi huɗu na mita biyar, sanda bakwai, da wurin rataya wajen 20. Sukuru mai tsawon milimita 25 a tazarar da ba ta wuce santimita 20 ba zai kai 350 ko kusa da haka. Wanda ya riƙe wannan lissafin, idan aka sauke masa omega goma sha biyu a ɗaki irin wannan, ya san tazarar da ake niyyar yi tun kafin a ɗaga guduma.

Wajen ɗaura allo, a gicciya shi a kan omega, kuma kada bakunan alluna huɗu su haɗu a wuri ɗaya. A saɓa su kamar jeren bulo, da aƙalla santimita 40 tsakanin mahaɗa da mahaɗa. Kan sukuru ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba, domin takardar ce ke riƙe allon. In ya yaga, a buga wani a gefensa. Mahaɗa kuma ba a cike ta da jibs na buhu, wanda da yawa ke yi saboda yana bushewa nan take. Akwai ma'ajun ɗinta na musamman, wato kwaɓin da ake shafawa a cike mahaɗa, da tef, na takarda ko na raga. Na takarda ya fi hana tsagewa, na raga ya fi saurin aiki, shi ya sa aka fi ganinsa. Ana shafa ma'ajun hawa uku, kowane hawa ya fi na baya faɗi, daga santimita 10 zuwa 20 zuwa 30, kuma kowanne sai ya bushe sosai. A damshin Jidda na watan Agusta da Satumba wannan yana ɗaukar lokaci fiye da na Makka, don haka warshar da ta yi alkawarin gama ma'ajun da fenti a yini ɗaya ba ta bar shi ya bushe ba.

Cikin zane-zanen da ake nunawa, wanda ya fi cancanta shi ne mafi sauƙi: tsakiyar silin a sama, a sauko da gefe mai faɗin santimita 40 zuwa 60 a kewaye, a bar baitin nur, wato ramin da fitila ke ɓuya tana haska sama. A gefen taga a bar baitin sitara mai faɗin santimita 15 zuwa 20 don ƙarfen labule ya ɓuya. In labule hawa biyu ne, mai kauri da shara-shara, 15 ba zai isa ba. Wannan zane ba ya cin tsayin ɗaki da yawa, yana ɓoye wayoyi da bututun mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma mahaɗunsa kaɗan ne. Masu hawa uku da da'ira a tsakiya da taurari suna da kyau a hoto domin a manyan gidaje masu tsayi aka ɗauke su. A shiƙƙa mai tsayin mita uku ko ƙasa da haka, suna danne ɗaki, kowace kusurwa kuma sabuwar mahaɗa ce da za ta iya buɗewa. Ba mu ba da shawarar su ba sai in tsayin ya wuce mita uku da rabi.

Baitin nur yana da ƙa'idodinsa. Buɗin da haske ke fita ya zama santimita 10 zuwa 15, leɓen da ke ɓoye fitilar ya kai 5 zuwa 7. In buɗin ya yi ƙunci, haske zai tsaya siriri a baki bai bazu ba. In leɓen ya yi gajarta, wanda ya tsaya a bakin ƙofa zai hango ƙwayoyin fitilar. Wannan haske kuma yana bin silin a kwance, don haka duk wani tudu ko kwari na ma'ajun zai fito fili. Saboda haka ɓangaren da haske ke bi yana bukatar a shafe shi duka da ma'ajun, ba mahaɗa kaɗai ba, a goge, a sa share fage, sannan fenti mara sheƙi. Fenti mai sheƙi a silin yana tona asirin aikin da ma ba shi da laifi.

Igiyar fitilar LED iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai shiga wutar gida kai tsaye, mai araha, wadda warsha ke sawa idan ba a yi magana ba. Tana yawan mutuwa gaɓa-gaɓa, sai a ga duhu mai tsawon mita a tsakiyar haske. Akwai mai bolt 24 da ke bukatar tiransifoma, ita ce muka fi amincewa da ita. A ɗakin da muka lissafa, kewayen baitin nur zai kai mita 15. In igiyar tana cin wat 10 a kowace mita, wat 150 ke nan, a ƙara kashi 20 cikin ɗari na sarari, sai a raba ta biyu a sa tiransifoma biyu masu wat 100. Idan aka ja mita 15 daga bakin waya ɗaya, ƙarshenta zai dushe. A manna igiyar a kan siririn alminiyom don ya janye zafi, a kuma ajiye tiransifoma inda hannu zai kai, domin ita ce ke fara mutuwa. Mun ga ayyuka masu tsafta da aka fasa saboda an rufe tiransifoma a ciki ba ƙofa. Kalar haske kuma a daidaita ta: 3000K mai ɗumi don ɗakin kwana da majalisa, 4000K don kicin da wurin karatu. Haɗa fari fat na 6500K da mai ruwan ɗorawa a ɗaki ɗaya yana ɓata kalar bango da ta kafet.

Majalisar da ake zama a ƙasa tana bukatar kulawa daban, kuma ba mu ga warsha da yawa suna lura da wannan ba. Al'adarsu su jera ƙananan fitilun sibot a gefen da aka sauko da shi, santimita 30 daga bango, wato daidai kan mutumin da ya jingina da matashi. Baƙo zai zauna haske na dukan idonsa, fuskarsa kuma da inuwa. Gara a rage yawansu, a zaɓi masu zurfin baki waɗanda ƙwan yake can ciki, a bar baitin nur ya ɗauki hasken zama. A sanya alamar ramukansu tun ana ɗaura ƙarfe, don kada abin huda ya yanke omega. Gidan da ake yawan kunna turaren wuta kuma ya sani hayaƙi yana taruwa a cikin baitin nur da bakin mukayyif, don haka a zaɓi fenti mai jure goga.

Babbar matsalar silin a Jidda ruwa ce, kuma mafi yawansa ba daga sama yake zuwa ba. Mukayyif ɓoyayye, wanda ake sa injinsa da bututunsa cikin silin, yana hura iska mai sanyin kusan digiri 13. Idan iska mai damshi ta samu shiga cikin silin ta taɓa bututun da ba a naɗe ba, sai ya yi gumi ya riƙa ɗiga a kan allo. Alamarsa tabo mai ruwan ƙasa kusa da bakin iska, daga baya funfuna baƙa. Mai gida zai zargi mai jibs, mai jibs ya zargi mai mukayyif. Maganin yana gaban rufewa: a naɗe bututun iska da na jan ƙarfe gaba ɗaya ba tare da gibi a mahaɗa ba, a ba bututun zubar ruwa gangara ta santimita ɗaya a kowace mita, a zuba ruwa a farantin injin a ga ya fita, a bar mukayyif yana aiki sa'o'i a shafa bututun da hannu. A toshe duk ramin da ke haɗa cikin silin da waje ko da manwar, wato rijiyar iska ta tsakiyar gini. Irin wannan mukayyif yana bukatar saukowar santimita 30 zuwa 40, don haka a kai injin saman lungu ko banɗaki, kuma a ƙarƙashinsa a bar ƙofar gyara, santimita 60 da 60 a ƙalla, wadda matatar iskar injin za ta iya fita ta cikinta.

Masu zama a hawa na ƙarshe ko a mulhak, wato ƙarin ginin da ke saman rufi, nasu ruwan daga sama ne: tankin ruwa, bututun da ke bin rufi, da ruwan sama da ba ya yawan zuwa amma in ya zo yana zuwa da ƙarfi. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i shida. Kafin a rufe silin a irin wannan hawa, a toshe magudanar rufi, a tara ruwa na kwana biyu, a duba ƙasa. Kore allo ba ya hana ruwa, danshin iska kawai yake jurewa. In ruwa ya zauna a kansa zai ruɓe kamar farin.

Saboda haka a banɗaki ba mu zaɓi jibson bod ba ko da kore ne, musamman inda aka ɓoye sakhan na ruwan zafi a sama. Fale-falen alminiyom ko murabba'ai masu 60 da 60 da ake ɗagawa da hannu sun fi dacewa, tunda za a bukaci shiga wurin. PVC yana da araha kuma ruwa ba ya cinsa, amma kusa da murhu yana lanƙwashewa ya canza kala, hayaƙinsa in gobara ta tashi mai guba ne. Badil khashab, fale-falen da ke kama da katako, yana ƙawata lungu ko saman teburin cin abinci idan an sa shi a ɗan yanki kaɗan. Silin Faransa, ledar da ake ɗumamawa a miƙe cikin ƙarfen gefe, tana cin tsayi kaɗan ƙwarai kuma ana gama ta a yini, sai dai abu mai tsini yana huda ta, gyaranta kuma sai wanda ya saka.

Jibs na Magaribi, wato na ƙasar Maroko, aiki ne na daban, kuma muna girmama shi. Sassaƙa ce ta hannu irin ta Fas da Marrakesh, ana zana fure da lissafi a kan jibs tun bai gama ƙanƙarewa ba, a bi da ƙaramar kurfi. Abin da yawancin warsha ke sayarwa da wannan suna zubi ne daga mazubin roba, ana gane shi da maimaituwar aibi ɗaya a kowane yanki da kuma dakushewar bakin zane. Babu laifi a sayi na zubi in an san shi aka saya, a farashinsa. Duka biyun suna tara ƙura kuma suna son ɗaki mai tsayi. Ɗamara ɗaya a kewayen majalisa ta isa.

Wajen kuɗi, saɓani yana tasowa daga awo ne fiye da farashi. Shimfiɗa ana lissafa ta da murabba'in mita, amma fuskar baitin nur, baitin sitara da karanish, wato adon mahaɗar bango da silin, ana lissafa su da mitar tsawo, kowanne daban. Farashin da aka faɗa a waya na shimfiɗa ne kaɗai, shi ya sa jimillar ƙarshe ke firgita mutane. A nemi a auna ɗaki a gaban mai gida, a rubuta kowane sashe da adadinsa, a fayyace ko kuɗin aikin hannu ne kawai ko da kaya, ko ma'ajun da fenti da jan waya da kwashe shara suna ciki, ko kuma harajin kashi 15 cikin ɗari yana ciki. A karɓi fatura, wato rasiti, mai sunan warsha, domin daman, wato garanti, na baki ba ya gyara tsaga. Arbun, wato kafin alƙalami, kada ya wuce kuɗin kaya, kashi na biyu bayan an duba ƙarfe da bututu, na ƙarshe bayan an kunna baitin nur da daddare an kalli silin a cikin haskensa. Mai haya kuma ya nemi izinin mai gini a rubuce kafin a huda ko'ina, a kuma faɗi ko zai bar silin ko zai cire ranar tashi, tunda yarjejeniyar da ke kan manhajar Ejar ta rajistar haya ita za a duba in an samu saɓani.

Aikin ɗaki ɗaya mai zane mai sauƙi, ƙarfe da allo sukan ɗauki yini biyu, ma'ajun da fenti wasu kwana uku zuwa huɗu gwargwadon damshi. Ƙurar guga tana shiga ko'ina, don haka a fitar da kafet da matasai, a rufe bakin mukayyif da leda, masu asma da ƙananan yara su kwana a wani ɗakin har a share.